Kunnen Janar

Ni ne makanikensa, Saja Eliodoro Mansilla.
Shekara goma sha tara ina rarrafe a ƙarƙashin fiffikensa,
tocila a baki, sanyin Punta Arenas a cikin ɓargo.
Jiya jarida ta jera lambobin yabonsa.
Ni abin da ta zubar nake tsinta.

A Chiloé aka haife shi, tsibirin da ruwan sama ba ya sallama,
Baldomero Oyarzo, ɗan masunci,
mai tonon dankali da faso a dugadugi.
Shekarar da ƙasa ta girgiza, teku ta haɗiye kwalekwalen ubansa,
wani jirgi ya yi ƙasa-ƙasa ya jefo buhun fulawa.
Gari duka ya bi buhu.
Shi ya tsaya yana bin ƙarar
har gajimare ya rufe ta.

A makarantar hafsoshi ta Santiago sun yi wa harshensa dariya,
suka laƙaba masa Dankali.
Bai ce uffan ba.
Wanda ya saba jiran kifi, jiran mutum ba ya ba shi wuya.

Yana laftana ya zo hannuna.
Kafin ya dubi agogo ko ɗaya
sai ya kara kunne a jikin ƙarfe, kamar ungozoma.
"Saja, wannan yana tari."
In kwance injin ina ƙunƙuni,
in tarar da tarin a inda ya ce.

Ya sauka a kan ƙanƙara, inda fari ne gaba, fari ne baya.
Ya ɗauko mai naƙuda daga Puerto Williams
cikin iskar da ke tura doki gefe.
A Disambar da aka ce maƙwabta na tafe
ya kwana a kujerar jirgi, bel a ɗaure, yatsa kusa da maɓalli.
Ba su zo ba.
Da aka ce kowa ya sauko
ya zagaya bayan taya ya yi amai,
ya ce kada in faɗa wa kowa.
To, Janar, yau na faɗa.

Sai taurari suka fara sauka a kafaɗarsa.
Ta fari ta karɓe jirgi ta ba shi tebur.
Kafin ta huɗu ta zauna yana da baƙar mota
da mutanen da ke dariya tun bai ƙarasa zance ba.
Ya kan kira ni da dare: "Me kake kwancewa yau?"
In faɗa masa. Ya yi shiru yana haɗiyar yawu.

Yara bakwai suka tashi da sa hannunsa wata safiya,
duwatsun Andes suka riƙe su.
Sakatare ya buga ta'aziyya a keken rubutu, ya yayyaga,
ya zauna da alƙalami har asuba.
Uwa ɗaya ta mayar da tata ko buɗewa ba ta yi ba.
Wannan ambulan ya riƙa ɗauka a aljihun hagu,
daidai bayan lambobin da jarida ta ƙirga.

Da ya yi ritaya ya koma Chiloé.
Na kai masa ziyara, yana ta riga ta cinye idanun,
yana gefen murhu, matarsa Ernestina na feraye dankali.
Muna cikin hira ya ɗaga yatsa.
Can sama, bayan ruwa, wani abu na wucewa.
Ya faɗi irinsa, ya faɗi inda ya nufa,
ya ce matuƙin yaro ne, hannunsa da nauyi.

Ranar Talata muka rufe shi.
Aka busa begila, aka naɗe tuta aka miƙa wa Ernestina.
Jirage huɗu suka keto daga teku,
kowa ya ɗaga kai, har limamin cocin.
Ni na runtse ido.

Na ukun yana tari.
Na juya in faɗa masa.