Mai Juya Lilo

Shekara shida ke nan ina juya lilo
a lambun wasan yara da ke bayan Asokwa.
Daga Aboabo nake tasowa da hantsi,
mota biyu, sannan in sa rigar aiki ruwan ɗorawa.
Aikin bai wuce wannan ba:
in ɗaure wa yaro bel, in ja in ji ya kama,
in danna kore, in danna ja.

Bara Madam Serwa ta kafa rumfa
tsakanin mai askirim da mai gugguru,
firji uku, kujerun roba, kwalabe suna gumi.
Ta ce, "Isaka, tikitin yara ba ya biyan kuɗin wuta.
Uba sai ya zauna yake buɗe aljihu."
A watan ta ƙara mini sidi ɗari biyu.
Na karɓa.
Da su na saya wa Memuna takalmin makaranta.
Ban tambayi liman ba, don na san amsar,
kuma takalmin ya yi mata daidai.

Sai dai ni ne mai sunkuyawa kusa da bakin mutane.
Na san uban da ya sha ɗaya,
dariyarsa ta ɗara ta kowa da taƙi guda.
Na san wanda ya sha huɗu,
yatsunsa na laluben ƙarfen bel
kamar mai neman ashana a ɗakin baƙunta,
yana ce mini in matsa, ai ɗansa ne.
Na san yarinyar da dokin katako ya zaga da ita sau tara,
kowane zagaye tana ɗaga hannu
ga ƙeyar babanta a rumfa.
A na goma ta riƙe wuyan dokin da hannu biyu.

Wannan hannun na san shi.
Nawa ne, a wani lungu a Asawase,
ina jiran Baba ya fito daga gidan fito.

Sai ranar Lahadin Ista, la'asar sakaliya,
wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari biyu ya yi shiru.
Yara goma sha ɗaya a sama,
kwandon ƙoli yana rangaji bisa jajayen rufin Kumasi.
Na kama marikin ƙarfe in juya da hannu, ya ƙi ni.
Masu ido garau suka zaro waya suna ɗaukar hoto.
Wanda ya tsallake shinge ya sa kafaɗa kusa da tawa
Wofa Buadu ne, bakaniken Suame,
numfashinsa giya zalla,
hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya.
Muka sauke su kwando-kwando,
yana yi musu kukan akuya har masu kuka suka fashe da dariya.
Babu nasa a cikinsu.
Ya goge baƙin mai a wando, ya koma kan kwalbarsa.

Dā hukuncina a naɗe yake cikin aljihu, kamar goro a ganye.
Daren nan na buɗe, na tarar ya rabu biyu,
na rasa ɓarin da zan tauna.

Ran Litinin na sami Madam tana ƙirga akwatunan kwalba.
Ban ce ta rufe ba.
Na ce ta kai rumfar bayan ƙofa,
wanda ya gama da yara ya je can.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Bayan ƙofa ba filina ba ne."
Na ce, to ko kujerun a juya su,
su fuskanci dawaki.
Ta ce za ta duba.

Ba ta duba ba.
Ni nake juya su kowace safiya kafin a buɗe,
ashirin da huɗu, ɗaya ƙafarta a karye.
Kafin magariba rabi sun koma kallon talabijin.
Rabi dai.
Jiya wani ya ɗaga kwalba ga ɗansa da ke kan farin doki,
yaron ya ɗaga masa hannu,
ni kuwa yatsana na kan jan maɓalli,
ban san ko murna zan yi ba.