Kifi Biyu

Mannir ya dawo daga Ikko da teku a bakinsa.
Shekara tara yana gyaran takalma a bakin ruwa.
Ya ce, "Ku nan Katsina ba ku san kifi ba,
wanda kuke ci ya mutu tun kafin a yaye ɗanka."

Maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙaya.
Ran da albashi ya faɗo na ce ya kafa hula,
zan kai shi sabon gidan abincin bayan Ƙofar Ƙaura,
mai ƙofar gilashi, wanda dare bai hana shi walƙiya.

Sanyi ya tare mu tun daga bakin ƙofa.
Yaro ya zo da ɗan ƙyalle ɗaure a wuya,
ya miƙo takarda mai sheƙi,
sunaye cike, harshena ya ƙi ɗaukar ko ɗaya.
Na ɗora yatsa kan hoton kifi, na ce biyu.

Muka jira.
La'asar ta sakaliya, muna jira.
Inji ya ɗauke, kiɗa ya mutu,
sai ƙarar cokula da tarin wani alhaji a kusurwa.

Da ya iso, kwance yake a faranti kamar mai jinya,
an kewaye shi da kokwamba, an yanka ta fure-fure.
Fatar ta ƙone, cikin bai ji labarin wuta ba,
kusa da ƙashi har yanzu akwai ƙanƙara.
Shinkafar ta sha launi, ba ta gaisa da gishiri ba.
Mannir ya juya shi da cokali, ya leƙa idonsa,
ya ce, "Ai wannan na san shi,
a tirela ɗaya muka taho daga Ikko."
Na biya kuɗin da zai sayi tiya shida ta gero,
yaron ya ce mu sake dawowa.

Asabar na goya shi a babur, ban ce masa komai ba.
Muka bar kwalta, muka bi ta gonakin dawa
har iskar dam ɗin Ajiwa ta fara taɓa mu.

Barira na nan gindin tsamiya da kaskonta,
baƙi wuluk, ya girmi aurenta.
Bencinta ƙafa uku ne, dutse ya cike ta huɗu.
Ƙuda ma na nan, ba zan ɓoye ba,
da hannun hagu ake kora, dama na aiki.
Ɗanta ya hauro daga ruwa, wando jiƙe,
karfasa na dukan gefen bokiti.
Ta kankare, ta tsaga, ta sa gishiri,
man gyaɗa ya karɓe ta da guɗa.

A takardar jarrabawar wani yaro aka zuba mana,
mai ya ratsa lissafin, ya cinye jan biron malam.
Yajin ƙuli, albasa, ruwan randa a kofin silba.
Babu wanda ya tambaye mu ko abincin ya yi.

Mannir ya yi shiru.
Ya ci tsoka, ya tsotse kai, ya jera ƙayoyi a gwiwarsa.
Can ya ce, yana kallon ruwa, ba ni ba,
"Gidajen nan na bakin teku,
daga waje nake ganinsu, Sha'aibu.
Takalman masu shiga nake gogewa.
Ƙamshin ne nawa. Da shi nake shan garin kwaki."

Ban ce komai ba. Me zan ce?
Barira ta ɗago da matsami, ta ce, "A ƙara?"
Ya ce a ƙara,
a kuma ƙunshe biyu, zai kai wa Inna.

A hanyar gida ƙunshin na tsakaninmu,
ɗuminsa na ratsa rigata har Ƙofar Marusa.