Kamu Biyu da Taƙi

Ni na haƙa, shi ya sa na san awon.
Kabarin babba sai ka nutse har ƙugu,
ka jiƙe, wani ya karɓe ka.
Na waccan shekarar kuwa
kamu biyu ne da taƙi,
kafin kunun da aka ajiye mini ya huce na fito.

A Dareta, ƙasar Anka,
mu muka ɗauko dutsen daga rami da kanmu,
muka shigar da shi tsakar gida kamar surukin arziki.
Injin da ke niƙa mana gero shi ya niƙa shi,
turmin Hajo shi ya daka shi.
Zinari ya fito, ƙwayar gero a tafin hannu,
ƙanensa da ba wanda ya gayyata
ya shimfiɗe a ƙasa,
inda masu rarrafe ke ɗanɗana duniya da baki.

Muka ce iska ce, muka yi turare.
Muka ce sanƙarau ne.
Sai da masu farar mota suka ɗebi jini
suka ce dalma.

Luba ta Nomau, ran Talata.
Hakilu, mai tsoron zakara.
Tagwayen Tumba, kwana huɗu tsakani,
na bar wa na biyun wuri tun ba a ce mini ba,
har yau wannan ne ke hana ni barci.
Sai Asshibi.
Ita ban haƙa ba. Aka karɓe fartanyar daga hannuna
aka ce uba ba ya yi.

Daga baya suka zo da shebur da baro,
suka kankare tsakar gidajenmu,
suka ɗure a buhuna, suka binne a bayan gari.
Har ƙasa aka yi wa jana'iza.
Da sawun Asshibi a ciki, da inda take zama tana cin tsamiya.
Sabuwar da suka zuba mana mai tsabta ce,
ba ta san ƙafar kowa ba.

Wani mai kyamara ya zo, ya durƙusa, ya ɗauka.
Bayan shekaru Bagudu ya nuna mini a wayarsa:
'yan tudun ƙasa jere kamar kunyar dankali,
ga ƙotar fartanyata a gefe,
ga rabin ƙafata.
A ƙasa an yi rubutun boko, da wata lamba.
Na ce karanta. Ya karanta.
Lambar ba ta da haƙora biyu na gaba,
ba ta kiran akuya da sunan kakarta.

Mu ba ma rubuta suna a kan kabari.
Ɓarin tukunya ne, da itace, da addu'a.
In kana neman abin tunawa, tsaya bakin masallaci da la'asar,
ɗan Ige zai wuce.
Shi ya tsira. Gashin baki ya tsiro masa,
har yanzu lissafinsa bai haye uku ba,
yana gaishe ka sau biyar kafin ka ɗaure takalmi.

Injin bai mutu ba, ya dai koma bayan gari.
Ina jin sa daga nan.
Ba na zagin masu shi, yunwa ba ta jin wa'azi,
ni ma da kuɗin dutsen na rufa ɗakina da kwano.

Duk gabanin damina nakan zo in tayar da tudun
da ruwan bara ya kwantar.
Daga aduwa nake farawa: taku bakwai Luba,
uku zuwa hagu tagwaye.
Bana na zo, an sare aduwar.
Na auna daga kututture, na sake aunawa,
gwiwata ba ta yin takun da take yi da.
Ban tabbata ba, nan ne Asshibi ko nan ne Hakilu.

Na tara ƙasar a tsakaninsu.