Ƙashin da Ya Bar Sahu

Shefil gari ne mai tuddai.
Da ban lura ba. Shekara tara ina hawansu,
jaka a kafaɗa, ina waya da mutan gida,
sai bara ƙuguna ya fara ƙirga mini su ɗaya bayan ɗaya.

Da fari tsami ne kawai, can ƙasa,
daidai inda nake ɗaura zane.
Na ce gajiya ce, na shafa man zafi.
Wadda ke ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera tun asuba
ai ba ta neman dalilin ciwon baya.

Sai ya gangaro ɗuwawu, ya bi bayan cinya,
jijiya ta ɗame kamar tsarkiyar baka.
Ƙafar hagu ta koyi barci a tsaye,
kiyashi na yawo a tafinta.
Wata Talata takalmi ya fice mini a tashar bas,
taku uku na yi a kan ƙanƙara
kafin ido ya gaya wa ƙafa.

Tsayuwa ce ba ya so.
Fatiha da gajeruwar sura, ina cije leɓe,
da na sunkuya ruku'u sai ya sake ni.
Nakan daɗe a nan, ina jin kunyar Ubangiji,
don ba tasbihi kaɗai ya riƙe ni ba.
A kanti ma haka, in kife a kan keken sayayya
kamar wadda ta girmi uwarta.

Dakta Holdsworth ta juyo mini allo.
Ga ƙasusuwana farare, an jera kamar tubali,
na ƙasa ya leƙo gaba, ya bar sahu.
Ta ce, wannan ne, ya zame, yana danne jijiya.
In fitsari ya ƙi fita, ko ya zo babu sallama,
ko tsakanin cinyoyi ya mutu,
kada ki jira gari ya waye.

Yanzu Rumasa'u ke ƙirga mini motsa jiki a kan darduma,
goma, hutu, goma,
tana dariyar yadda nake nishi.

Jiya na leƙa wurin aiki kai takardar likita.
Tsoho Ibbotson, wanda na yi shekara huɗu ina tayarwa,
ya dubi tafiyata tun daga ƙofa.
Bai ce komai ba.
Ya laluba gefen kujera, ya miƙo mini sandarsa.