Tanki Biyar

Asabar ce a Ostrava, sanyin kaka na cizon kunne.
Bayan tsohon ramin kwal, gaban jerin gareji,
inda kwalta ta tsattsage, ciyawa na leƙowa,
kakana Vratislav ya durƙusa a kan kwali,
'yar motar a gabansa, tsawonta kamu guda,
tayoyi ɓaka-ɓaka, kamar ta ari takalmin wanta.

Injin sabo ne fil, ko ɗigon mai bai taɓa sha ba.
Fistan ya cije a saman silinda, ya ce ba inda za shi.
Na sato abin busar gashin innata, muka jawo waya,
muka yi ta hura masa ɗumi har ya ƙi taɓuwa.
"Ƙarfe ma," in ji Kaka, "ba ya son a tashe shi da sanyi."

Ya ɗora wa fulogi wuta, ya ja igiya.
Ja ɗaya, ja biyar, ja goma sha. Shiru.
Mai ya cika masa ciki. A kwance fulogi, a kife mota, a ja,
ya tofar mana da shi a hannun riga.
Sai da yatsan Kaka ya yi bororo
kafin injin ya yi tari, ya yi kaki,
ya kama.

Hayaƙi shuɗi ya turnuƙe mu,
ƙamshin man zurma, ɗan zaƙi-zaƙi,
da wani yaji mai matso ƙwalla.

Shekara talatin da ɗaya yana gyaran famfo a ƙarƙashin ƙasa,
ƙara ta cinye masa kunne.
Gurnani yana ji, amma siririyar murya ta ɓace masa.
Don haka ni ce kunnen.
"Doubravka, me yake cewa?"
"Yana kurkure baki, Kaka. Kamar mai mura."
"Madalla. Bar shi ya ƙoshi."

Tanki na biyu: zagaye, zagaye, tafiyar hawainiya,
totur ko rabi bai kai ba.
A kashe, a saukar da fistan ƙasa, a jira ya huce.
Allurar kafireta agogo ce a wurinsa:
awa ɗaya ake murɗawa, a tsaya, a saurara.

A na uku tari ya sarƙe shi, ya koma gareji neman shayi.
Ni da sukudireba muka haɗa ido.
Awa ɗaya. Biyu. Uku.
Wayyo daɗi! Motar ta tsala ihu, ta ɗaga ƙafafun gaba,
tsakuwa na tsalle, tantabaru suka watse fir.

Bai ji ihun ba.
Hayaƙin da babu shi ya gani.

Ya taho da sassarfar da huhunsa bai yarda da ita ba,
ya tare ta da takalmi, ya matse tiyon mai, ta mutu.
Ya tofa yawu a kan injin: caa, ko ƙiftawa bai kai ba.
Na jira faɗa. Ya juya fistan ƙasa da babban yatsa,
ya mayar da allura awa uku baya, ya ƙara ɗaya.
Can ya nuna hasumiyar ramin da haɓa:
"A hana shi mai don ya yi gudu.
A can na ga an yi wa mutane haka."

Muka zauna. Shayin ya huce kafin injin.

Tanki na biyar, fitilun taragu sun fara kamawa.
Yawu ya yi rawa a kan ƙarfe, ɗaya, biyu, uku, sannan ya tafi.
Hayaƙi siriri kamar zare na bin salansa.
Ya miƙo mini rimot, hannunsa duk maiƙo.
"Me yake cewa?"
Na rufe ido. Muryar ta hau tas, ba gargada, ba shaƙewa,
ta sauko ta zauna daram.
Na rasa kalmar.
Sai na kama tafinsa na ɗora a bayan motar,
ya ji da kansa.