Gwangwanayen Baba Tanimu

A Mai Wurno, ɗakin Baba Tanimu
ya ba kogi baya.
Ya ce raɓar Nilu mahassadiya ce,
in ta ga tagulla na ƙyalli
sai ta shafa mata kore.
Shi ya sa can sama, dab da jinka,
ya kafa katako, ya jera gwangwanaye bakwai.

Bai taɓa barin kwanso a daji ba.
In bindiga ta yi tari,
kafin ya duba abin da ya faɗi
sai ya sunkuya ya lalubi ciyawa.
"Wanda ya sha fura ba ya jefar da ƙwarya,"
haka yake cewa, yana hura yatsu,
don kwanson na nan da zafinsa.

Ni ce mai wanki.
Ruwan tsamiya a tsohuwar tasa,
da tsumman rawaninsa na da.
In shanya su a faifan Inna Hajjo,
baki ƙasa, kamar masu jin kunyar suruki.
Ta fito da faɗa: "Faifan tankaɗena ne fa!"
Ya yi kunnen uwar shegu.

Sai rabo.
Gwangwanin ɗahaniyya na masu harbi ɗaya,
sabbin jini, ba su san duniya ba.
Na madara, masu biyu da uku.
Akwai wani mai lanƙwasasshen murfi
na waɗanda bakinsu ya tsage,
ba za a sake cika su ba har abada,
amma ya ƙi zubarwa.
Na tambaye shi dalili,
ya nuna mini haƙoransa huɗu, ya yi dariya.

Da ajami yake rubutu
a takardar ganyen shayi, ya liƙa da ƙaro:
"Gadu, gonar riɗin Sambo, da kaka."
"Zabi biyu, ranar sunan Delu."
"Kuskure. Laifina ne, ba na iska ba."
Kowane kwanso da dalilinsa.
Ranar cikawa kuwa korata yake,
ya ja ƙofa, ya hana a hura wuta kusa.
Iyakar sanina
warin albarushi a hannun rigarsa da magariba.

Ya rasu kafin shekarar gudu.
Allah ya so shi da rahama.

Da muka taso daga Gadarif za mu gida,
na sauka a Madani neman mota,
na ji abu na ƙara ƙarƙashin takalmina.
Na zaci tsakuwa ce.
Bakin kwalta, gindin darbejiya, ƙofar kantin magani,
zube suke kamar ɓawon gyaɗa
bayan kasuwa ta tashi.
Wanda ya harba bai sunkuya ba.
Bai ƙirga ba.
Wa zai rubuta musu takarda,
kuma me zai ce a ciki?

Yara na tsinta a buhu
suna kai wa mai sikeli.
Ni ma na ƙulle wasu a gefen mayafi,
ban san don me ba. Hannu ne ya tuna.

A gida rabin jinka ta zube,
katakon na nan, bakwai ɗin na nan.
Na jiƙa tsamiya, na wanke tsintuwata,
suka yi ƙyalli kamar ba su aikata komai ba.
Na samo gwangwani na takwas,
na yanki takarda, na riƙe alƙalami
tun hantsi har kiran la'asar.
Tawada ta bushe a bakinsa.

Ban jera su kusa da nasa ba.

Washegari na kai wa Ɗan'azumi maƙeri.
Ya juya su a tafinsa, ya ce, "Na wa?"
Na ce, "Ba su da suna.
Narka su, ka yi wa akuyata ƙararrawa."

Yanzu in ta gangara kogi da safe,
daga ɗaki ina jin inda take.