Hamsin Ko Fiye

Babana direban adaidaita ne,
ni kuwa daren jiya rashin daidaito na kawo masa,
a shafi na goma sha bakwai.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

An ɗauke wuta. Muka haska fitilar waya
kan tabarma, a soronmu na Tudun Jukun.
Na ce, Malama Kuluwa ta ce
nan ba amsa guda ake farauta ba,
iyaka ake nema, da duk abin da ke bayanta.

Ya ce, karanta min da Hausa.

Na ce, ɗari biyu sau wani abu, a cire dubu shida,
ya kai dubu huɗu ko ya ɗara.

Ya ce, tsaya, ai yinina kika rubuta.
Ɗari biyu kuɗin mutum guda
daga Ƙofar Doka zuwa Kwangila.
Dubu shida na mai.
Dubu huɗu balas ɗin Alhaji Barau,
wanda ba ya jin an yi ruwa,
ba ya jin taya ta yi faci.

Na ƙara dubu shida a hagu, na ƙara a dama,
kamar mai awo mai tsoron Allah.
Dubu goma. Na raba da ɗari biyu.
Na ce, hamsin!
Ya ce, hamsin ko fiye, Uwani.
Kada ki yar da fiye ɗin nan,
a cikinsa tuwonku yake.

Na ja layi, na ɗiga baƙin ɗigo a kan hamsin,
na cike shi taf, don shi ma yana ciki,
kibiya ta miƙe dama,
ta wuce Samaru, ta wuce Shika, ba ta waiwayo ba.

Sai na biyun, wanda ya sha jan biro ranar Talata:
sha biyu, a cire biyu sau wani abu,
kada ya gaza biyu.
Ya ce, tankina ne. Lita sha biyu,
kowane sawu na lashe biyu,
biyu kuma dole su rage su kawo ni gida.

Na kwashe sha biyu nan da can,
ɓangarorin duka suka nutse ƙasan sifili.
Na raba da lambar bashi, na bar alamar yadda take,
ta ce min sawu biyar ko fiye.
Ya ce, to ke za ki tura kekena daga Ɗanmagaji?

Ya ce, goma ta fi biyu, ko jariri ya sani.
Amma wanda ake bi biyu
ya fi wanda ake bi goma barci.
In kin tsallaka ƙasar bashi,
babba ne ke komawa ƙarami.

Na juya bakin alamar.
Biyar ko ƙasa.
Kibiya ta yi kwana, ta kamo hanyar gida.

Da asuba na ji yana fama da kiki,
sau uku kafin inji ya amsa.
Ina ɗaura ɗankwalin makaranta
ina roƙa masa na hamsin da ɗaya,
ko da tsohuwa ce mai buhun dawa
da za ta ce a rage mata.